Sunan Mai Dakan Gero

"Wallahi ba zan goge sunana ba!" in ji Shafa'atu, ta rungume wayarta.

Mijinta Jibirilla ko rigar aikin tuƙi bai cire ba ya hau lallashi.

"Haba hasken idona... ki sa 'Matar Jibirilla' kawai. Kin san Hajjo. Cewa za ta yi na bar sunan surukarta yana yawo a wayoyin Maraɗi."

"Ni na rubuta ko kai?"

"Ke."

"To, kalas, magana ta ƙare!"

Duk Nasima ce ta jawo, maƙwabciyarsu a unguwar Suwaidi, nan ƙasar Larabawa, 'yar Bangaladash mai wani littafin gajerun labaran Bangali. Bayan la'asar takan fassara wa Shafa'atu da guntun Larabcinta, rabi da baki rabi da hannu. Akwai na zamanin kakanni, akwai na bana-bana. Wata an hana ta karatu, wata ta tsufa a bakin murhu. Abin da ya tsaya wa Shafa'atu a rai, matan nan ba a kiran su da sunansu, sai matar wane, uwar wane. Shi ya sa ta rubuta nata labarin a waya don ta tura wa mutanen gida, na wata mai dakan gero, ta sa cikakken sunanta a ƙasa.

Tana son mijinta kamar ranta, ba ta kuma son ɓacin ran uwarsa Hajjo.

"Yalla, zo mu kira Hajjo a waya," in ji shi. "In ta ce a'a fa?"

"Zan yi kuka... amma zan goge."

Da bakinsa ya karanta wa tsohuwa labarin, yana ta zufa duk da sanyin ɗakin. Da ya gama, Hajjo ta tambaya:

"Wa ya rubuta?"

"Surukarki ce, Hajjo. Har da sunanta a ƙasa."

"To ita mai dakan ba ta da suna?"

Shafa'atu ta dafe baki. Ashe ita ma ba ta sa wa tata suna ba!

"Sa mata Mariama, 'yata. Sunan da babana ya raɗa mini ke nan. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban ƙara jin sa ba... Naki kuma ki bar shi inda yake."

Shafa'atu ta gyara tana hawaye tana dariya, daɗi ya cika ta.

"Jibirilla, sake karanto mini daga farko," in ji Hajjo.

Ya gyara murya sau biyu. Ya kama hannun matarsa, sannan a karo na farko a rayuwarsa ya faɗi sunan mahaifiyarsa.

"Na'am," in ji Hajjo.