Takardar Rashin Sake Aure

"Nasiratu! Ke Nasiratu! Har yanzu ba ki shirya ba?"

Muryar Yaya Yunusu ce daga zaure. Nasiratu na durƙushe a tsakar gida, ƙafar Inna Kadidiya na bisa cinyarta, tana wanke mata gyambon da ciwon suga ya buɗe a babban yatsa. Ba ta ɗago ba sai da ta ɗaure bandejin.

"Ga ni nan tahe, Yaya."

"Meri ba ta jiran kowa! Ɗayan mai shaidar ya tahi tun ɗazu!"

Inna ta dafa kanta. "Tashi, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Shekara huɗu ke nan da sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gidan nan na unguwar Garkawa, a Tawa, da labarin cewa Kaporal Nafi'u ya rasu a bakin daga. Ya bar uwarsa Inna, da wansa Yunusu, da matarsa Nasiratu mai shekara ashirin da uku da goyon 'yarsu Lailatu. Bayan doguwar zirga-zirga gwamnati ta yanka wa Nasiratu pansiyon matar soja, da kason marainiya. Da wannan pansiyon ake sayen allurar Inna, da shi ake sayen hatsin da gidan duka ke ci, har da iyalin Yunusu, wanda dillancinsa a kasuwar dabbobi ya ja baya tun da hanyoyin arewa suka lalace. Sharaɗin guda ne: kowace shekara ta je meri, wato ofishin magajin gari, da shaidu biyu, a ba ta takarda mai kan sarki cewa ba ta sake aure ba.

Yau ma haka aka yi. Ma'aikacin ya tambaya ba tare da ya dube ta ba, ta amsa, Yunusu ya dangwala yatsa da sauri. Daga nan ya wuce kasuwa, ita kuma ta hau kabu-kabu zuwa biro, ofishin tsoffin sojoji, don ta miƙa takardar.

A ƙofar biron akwai wani ɗan shagon fotokopi ƙarƙashin itacen bedi. Mai shagon, Alƙasum, tsohon sarja ne da nakiya ta ɗauke wa hannun hagu daga gwiwa. Tun da aka sallame shi ya zama jagoran duk mai dosiye, wato takardun neman haƙƙi: tsoffin sojoji masu sanda, zawarawa daga Takanamat da ba su iya karatu ba, kowa wajensa yake zuwa. Shekara biyu yana gyara wa Nasiratu takardu, kuma ita kanta ba ta san ranar da gaisuwarsu ta fara tsawo ba.

Ya karɓi takardar, ya dube ta.

"Na aika kawuna Kalfu, wajen Babanki, neman aurenki," ya ce a hankali. "Jiya sunka dawo. Ya ce magana tana hannunki."

Daɗi da tsoro suka haɗu mata wuri guda.

"Sarja, ka san abin da wagga takarda ka nuhi."

"Na sani. Ni ke yi miki kwafinta."

"To, mi kake so in ce?"

"Gaskiyar zuciyarki kaɗai."

Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen hijabi ta rufe baki. Wannan ya ishe shi amsa.

Labari bai kwana ba. Da la'asar Yunusu ya shigo gida ko sallama bai gama ba.

"Ashe abin da ake ƙullawa ke nan! Mai hannu guda! Mai fotokopi!"

"Yaya, don Allah—"

"Ki bari in gama! Ranar da anka ɗaura, ranar pansiyo ya tsaya. Wa zai sayi allurar Inna? Shi? Ki dubi ƙahwarta, Nasiratu, ki dube ta da kyau!"

Inna na zaune a kan tabarma, ta ja zane ta rufe ƙafar.

Yunusu ya sassauta murya, ya zauna bisa turmi. "Ni ba mugu ba ne. Aure sunna ne. In kin matsu, a ɗaura can Kalfu, mutum biyar, ba goro ba kiɗi. Ki zauna nan, shi riƙa zuwa. Shekara ta zagayo in tahi meri in shaida yadda na saba. Wa ya sani?"

"Allah ya sani, Yaya."

Fuskarsa ta canza. Ya miƙe.

"To, ki tahi! Amma Lailatu jininmu ce, nan za ta zauna, da kasonta da komi. Ki zaɓa!"

Lailatu, da ke wasa da gwangwani a bakin randa, ta ji sunanta ta rugo ta rungume ƙafar uwarta. Nasiratu ta ɗauke ta ta shige ɗaki, ta toshe baki da filo don kada Inna ta ji kukanta.

Daga ranar gidan ya zame mata kurkuku. Ba wanda ya kulle ƙofa, amma ina za ta? Mahaifinta ya kira daga Kalfu ya ce ta tattaro kayanta ta dawo, iddarta ta ƙare tun tuni, ba wanda ke da iko da ita. Ta dubi Inna tana lallaɓa bango za ta kewaye, ta ce masa, "To, Baba," ba ta tafi ba. Tsohuwar nan ce ta riƙe ta ranar haihuwa, ita ta yi mata wankan jego, ita ta rungume ta ranar da sojojin suka zo, alhali ɗanta ne aka ce ya mutu. In ta zauna, ƙuruciyarta ta ƙare a layin meri. In ta fita da gaskiya, ta bar 'ya ta bar maras lafiya. Abinci ya daina wuce mata, zannuwanta suka fara yi mata yawa.

Bayan wata guda ta kasa. Ta tsaya a shagon Alƙasum da rana tsaka, lokacin da ba kowa.

"Na yarda da shawarar Yaya," ta ce da sauri, kamar mai gudun kada ta fasa. "A ɗaura a ɓoye."

Alƙasum ya kashe injin.

"A'a."

"A'a? Kai da ka ce kana so na?"

"Don ina son ki ne. Nasiratu, wannan pansiyon jinin Nafi'u ne. In ci shi da rantsuwar ƙarya? In shigo gidan da kike kamar ɓarawo? Ranar da kika samu ciki fa, mi za ki ce wa unguwa?"

"To, ka ƙyale ni in mutu a gidan!" Hawaye suka ɓalle mata. "Kowa da dokarshi! Gwamnati da tata, Yaya da tashi, kai ma da taka! Ni fa? Ni ba mutum ba ce?"

Ya bar ta ta yi kukan. Sannan ya turo mata kujera da ƙafa.

"Zauna, don Allah. Tambaya guda. An taɓa buɗe wa Inna dosiye nata na kanta?"

"Wane iri?"

"Na uwar mamaci. Na ga wata tsohuwa daga Takanamat ta samu, har da karnen asibiti, littahin karɓar magani kyauta. Ban yi miki alkawari ba, abin yana da wahala, sai ya je Yamai ya dawo. Amma in ya hito, Inna ta tsaya da ƙahwarta, ba da aurenki ba. Ki kawo mini takardar haihuwar Nafi'u da katin Inna."

Takardun suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Yunusu. Da ta roƙe shi, dariya ya yi.

"Dabara ce! Yana so shi karɓe takardu shi kwashe komi. Ba na badawa."

Ta roƙa sau uku, ta haƙura.

Wata Alhamis ta kai Inna asibiti duba jini. Suna zaune a benci suna jiran layi, wata mata da ke gefensu ta tambayi Inna ko wannan ƙanwarta ce. Inna ta juya ta kalli surukarta, kallo mai tsawo: ƙasusuwan wuya a waje, idanu sun faɗa, yarinyar da aka kawo mata gida tana dariya har ana tsawata mata.

"Nasiratu," ta ce, "ina jin duk abin da ake hwaɗi. Na yi shiru don ina tsoro. Tsoron a yanke mini ƙahwa, tsoron in tashi da sahe in ishe ɗakinki wayam. Ki yahe mini."

"Haba Inna! Mi kinka yi mini?"

"Na bari anka ɗaure ki da ciwona."

Da suka koma gida, Inna ba ta shiga ɗaki ba. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta aika a kira limamin unguwa da ƙanin mijinta, sannan ta jira Yunusu. Da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Babba, kawo makullin akwati."

"Inna, ba ki gane ba ne, mutumin nan—"

"Ni na haihi mai takardun! Ɗan'uwanka ya mutu an rufe shi, kai kana so ka rufe matatai da ranta? Ka ce za ka raba yarinya da uwarta, don son ta ne ko don kasonta? Hwaɗi gaban Malam!"

Yunusu ya buɗe baki, ya dubi liman, ya dubi ƙasa. Muryarsa ta karye.

"Inna, 'ya'yana bakwai. Kasuwa ta mutu. In pansiyon ya tsaya ban san abin da zan zuba a tukunya ba."

"Da ka hwaɗi haka tun farko, da ba ka zama azzalumi ba," in ji liman a hankali. "Talauci ba abin kunya ne ba. Cin haƙƙin zawara da marainiya shi ne."

Yunusu ya zaro makullin daga aljihu, ya ajiye a gaban uwarsa.

Inna ta juya ga Nasiratu. "Ki yi aurenki, ko gobe. Ciwona na Allah ne."

"A'a, Inna. Sai takardarki ta hito."

Ba ta san abin da ta ɗaukar wa kanta ba. Dosiyen ya tafi Yamai, bayan wata uku ya dawo: a takardar haihuwa an rubuta Hadiza, a katin Inna Kadidiya, aka ce ba mutum ɗaya ba ne. Sai da aka je kotu da shaidu. Ya sake tafiya, ya sake dawowa, wai kan sarki guda bai fito sosai ba. Alƙasum ya rufe shago sau huɗu ya shiga mota zuwa Yamai, yana bin ofisoshi da jaka a hammata. 'Yan'uwansa suka fara yi masa gori, suka kawo masa budurwa daga dangi, ya ce ya gode. Damina ta zo ta wuce. Shekara ta zagayo, Nasiratu ta sake tsayawa gaban ma'aikacin meri ta amsa tambayar nan, ta fito ta zauna a gindin katanga kafin ta kama hanyar gida.

A wannan tsakanin Alƙasum ya yi wani abin da ba wanda ya roƙe shi. Ya haɗa Yunusu da wani tsohon abokin aikinsa mai kai nama bariki, Yunusu ya riƙa nemo masa tumaki. Ranar da ya fara shigowa da buhun hatsi na guminsa, bai iya haɗa ido da Nasiratu ba.

Wata goma sha huɗu cif. Wata Litinin da hantsi, Nasiratu na tankaɗe, kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, aka rangaɗa sallama da ƙarfin da bai dace da mai neman aure ba.

"Ta hito! Inna, ta hito!"

Alƙasum ne, ambulan a hannunsa, gumi har wuya. Yunusu da kansa ya kama shi ya shigo da shi tsakar gida. Aka karanta wa Inna sunanta a kan karnen, ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta fashe da kuka. Nasiratu kuwa rariyar ta suɓuce mata, ta zauna cikin garin tana dariya tana hawaye, Lailatu na jan hannunta tana tambayar wa ya mutu.

"Ba kowa," ta ce. "Ba wanda ya mutu, 'yar nan."

An ɗaura auren a Kalfu bayan sati uku, da rana, da goro, da maroƙi. Kafin nan Nasiratu ta je biro da ƙafarta ta sanar, aka rufe pansiyonta, aka bar kason Lailatu a hannun uwarta. Alƙasum ya kama haya layi biyu daga gidan Inna, don kada tsohuwar ta yi kewa. Da aka zo kai amarya aka nemi wadda za ta yi mata faɗan ƙarshe, matan Kalfu suka matsa gefe. Inna Kadidiya ce ta dogara sanda ta zo, ta kama hannun matar ɗanta ta sa a hannun uwar ango.

"Amana ce," ta ce. "Ni an ba ni suruka, ɗiya nike ba ku."

Ya ku matasa, ku dubi wannan. Hanyar ƙarya tana kusa, sau ɗaya Nasiratu ta miƙa ƙafa za ta bi ta, mai ƙaunarta da gaske ya hana ta. Wanda ke son ki ba zai ɓoye ki ba, ba zai kuma ciyar da ke da rantsuwar ƙarya ba. Ku kuma dangi, abin da gwamnati ta bai wa iyalin soja don ta share musu hawaye ne, kada ku mai da shi igiyar ɗaure wadda ya bari. Haƙurin da ya tsaya kan gaskiya yakan daɗe, yakan sa rama da kuka, amma Allah ba ya barin mai shi a hanya.