Sarƙar Keken Yaya

Turo keken ta yi har ƙofar shagon, sarƙar na reto. Mai gyaran ya ɗago daga tayar da yake liƙewa, ya dube ta, sai da ta sake sallama sannan ya tuna bai amsa ba.

"Na yayana ne," in ji Auta. "Da hannunsa ya cire giyar, wai ba ya son canje-canje. Sarƙar ta yi sako-sako, ta zame masa a gangare, ga mota tafe."

Ba ta ƙarasa ba. Tun rasuwar Yaya, keken ke jingine a ɗakinsa, amma duk la'asar, lokacin da ya saba dawowa, Umma sai ta ce ta ji ƙarar sarƙa a tsakar gida. Kwanan nan Auta ma ta fara ji.

Mai gyaran ya tsuguna ya taɓa sarƙar a hankali.

"Da ramin tayar baya dogo ne, da tayar kawai zan ja. Yanzu ko in sa ɗan ƙarfe mai sifirin ya riƙa jan ta, ko in rage gaɓa ɗaya in sa rabi. Ƙarfen ya fi sauƙi, sai dai yana ƙara."

"Ba na son ƙara."

"To rabin gaɓa. Amma sai na nemo."

Neman ya ɗauki lokaci. Ta riƙa leƙowa tambaya, tambaya ta koma hira, har wata rana saƙonsa ya shigo:

"Autata, keke ya tashi. In kin ɗauke shi, me zai riƙa kawo min ke?"

Ta rubuta: "Injiniya, ai ina da ƙafa."

Da maganar aure ta taso, Baba bai ƙi ba. Umma ce ta kafe.

"Ba sana'arsa na raina ba. Ranar da ya durƙusa gaishe ni, warin giris ɗin hannunsa na ji, sak na yayanki. Ba zan iya ba."

Auta ta daina fita. Da ya ji dalili, ya turo: "Ki faɗa wa Umma in shagon ne, zan rufe. Ke ce ba zan iya bari ba."

Ta karanta mata. Umma ta ce:

"Ki ce ya kawo keken. Hawa zai yi, kada ya turo."

Da la'asar ya shigo a kai, keken na tafiya sumul, ko ƙis babu. Umma ta miƙe ta dafa sirdin, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Da ta share ido ta ce masa, "Kada ka rufe komai, ɗana. Turo iyayenka."

Ranar ɗaurin aure, Umma ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari," ta ce, "ya jiƙan wanda ya haɗa ku."