Sunan da Safina Ta Faɗa a Majalisa

Safina tana durƙushe gaban murhu tana tsame ƙosan da take kaiwa bakin firamaren Tungar Kanya lokacin tashin tara, sai ga mijinta Muhsin ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba. Babur ɗin da yake kabu-kabu da shi tsakanin Bagudo da bakin iyaka ya baro shi waje yana ta ƙugi.

"Safi! Za a rufe makaranta!"

Saura kaɗan matsamin ya suɓuce mata. "Innalillahi! Wa zai rufe ta, Maigida?"

"Yanzu na rabu da hedimasta, Malam Namadi. Wai akwai dokar da ake shiryawa a majalisar jiha, kuɗin gyara da malamai su bi yawan yara. Makarantar da ba ta kai yaro hamsin ba, a haɗe ta da wata. Mu kuwa takarda ta ce yaranmu ishirin da uku!"

"Ishirin da uku?" Ta dafe ƙirji. Ita da kullum yara tamanin da huɗu ke zagaye farantinta!

Amma ta san dalili, shi ma ya sani. Wata uku da suka wuce, da aka ji masu ƙidayar ɗalibai za su zo, uwar mijinta Inna Barira ta bi gida-gida tana cewa ba a ƙirga 'ya'ya, baki ke kama su. Tun da sassafe tsofaffin mata suka kora yara ƙetare, ƙasar Benin, wurin dangi, wai ana suna. Malam Namadi ya nuna rajistarsa har ya gaji, masu ƙidaya suka ce ƙa'idarsu kan da suka gani cikin aji shi suke rubutawa.

Makarantar da za a haɗe su da ita tana bayan rafi, tafiyar awa biyu, in damina ta sauka kuwa ko babba sai ya tuɓe riga. Babu uban da zai bar 'yarsa mace ta bi hanyar. Irin wannan rafin ne ya tsayar da Safina a aji huɗu. Ta saci kallon Ummi, 'yarta ta fari mai shekara shida, tana zaune bakin ƙofa tana zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke, sai ta kawar da kai da sauri. 'Yar fari ce, kunya ta hana ta ko kallonta cikin mutane. Ga shi kuma sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Ummi. Safina ko Ummin ba ta faɗa, iyakarta "ke" ko "waccan".

"An ce iyaye su zo Birnin Kebbi ranar Talata a ji bakinsu," in ji Muhsin. "Kuma dole sai da mace guda cikin tawaga. Duk matan tunga sun ƙi. Safi, don Allah!"

"Ni? Ni da ko gaban surukai ba ni iya ɗaga ido?"

"Zama kawai za ki yi. Ni da hedimasta mu ka magana."

Da wannan sharaɗin Inna ta yarda. "Ta tafi ta riƙe muku jaka," in ji ta. "Wagga dai ko an matse ta ba ta fidda magana."

Ranar Talata, bayan tafiyar da ta kusa karya mata baya, Safina ta tsinci kanta cikin wani makeken ɗaki mai sanyi kamar randa. Ta zauna can gefe, ta ja hijabi har goshi. Iyaye daga garuruwa suna ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kansu, Malam Namadi ya yi bayani har da Turanci, Muhsin ya ƙara da rantsuwa.

Shugaban kwamitin majalisar da ke sauraronsu, wani dattijo mai tabarau, ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Malam, ban ce kun yi ƙarya ba. Amma kowane hedimasta da ya zo yau ya ce yaransa sun fi na takarda, kuma rajista hannunsa ya rubuta ta. Ina iyayen? Su waye yaran nan?"

Muhsin ya soma lissafi, ya kawo bakwai, ya maimaita biyu, ya kakare. Wasu suka yi dariya. Shugaban ya ɗauki alƙalami zai wuce ga na gaba.

Safina ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe... ni na san su."

Aka miƙa mata abin magana. Ta rufe ido, ta ga layin ƙosanta. Ta fara daga gidan farko na bakin kasuwa: Sufyan na gidan maƙeri da ƙannensa biyu, Hamdiyya mai gibi, Mashkura da ba ta cin yaji, 'yan biyun rugar Fulani masu zuwa da nono a gora. Gida-gida take bi, da sunan uba da aji. Magatakarda yana rubutu har ya canja takarda. Muhsin baki buɗe yake kallonta, kamar yau ya fara ganinta.

"Tamanin da uku," in ji magatakarda.

"Hedimasta ya ce da huɗu," in ji shugaban. "Ke ba ki da ɗa a ciki?"

Ta sunkuyar da kai. "Akwai guda."

"Sunanta?"

Ta dubi Muhsin, shi ma ya dubi ƙasa, don sunan mahaifiyarsa ne.

"Baiwar Allah, mun san kunya, mu ma da ita aka haife mu. Amma yaron da ba shi da suna a takarda, ba shi da benci a aji. Cikakken suna, da na uba."

Safina ta ji kamar ƙasa ta tsage. Ta tuna tsinken nan da baƙaƙen da ke ƙasa bakin ƙofa.

"Barira Muhsin. Aji ɗaya."

Sunan 'yar fari, sunan uwar miji, sunan miji, duk a numfashi guda! Malam Namadi ya cire hula ya mayar. Aka ƙara yi mata wata tambaya, ta amsa cikin kuka, sannan shugaban ya ce za su ba da shawara kada a haɗe kowace makaranta sai an sake ƙidaya a gaban iyaye.

Kafin motarsu ta iso Bagudo washegari, rediyo ya riga su gida. Guntun muryarta aka sa cikin labarai, kuma daidai wurin sunan aka yanko. Inna ta ji shi tana gidan biki, cikin tsakiyar sa'o'inta.

Suna shiga gida suka tarar da ita tsaye tsakar gida, carbi a hannu, idanu jajir.

"Sannu da zuwa, 'yar majalisa!"

Safina ta zube. "Inna, ki gafarce ni..."

"Inna? A'a, kira ni yadda kinka kira ni cikin rediyo! Shekara sittin ko kishiyar uwata ba ta kama sunana haka gatsau ba. Yau har mutanen ƙetare sun ji! Kinka kama na mijinki kamar yaron shagonki. Wanga duk bai ishe ki ba, kinka ƙirge ɗiyan mutane ɗai-ɗai kamar awaki!" Muryarta ta karye. "Shekarar da anka ƙirga mu garin nan, ƙyanda ta ɗauke mini biyu cikin sati guda. Kin san wanga?"

Safina ba ta sani ba. Kuka ya ƙwace mata.

"Muhsinu, ba ta takardarta!"

"Inna!"

"Ko ni ko ita!"

Muhsin ya durƙusa ya kama ƙafar uwarsa. "Inna, in kin ce in bar babur, na bari. In kin ce in bar garin, na bari. Amma wallahi hannuna ba shi iya rubuta wagga takarda. Abin da ya gagare ni ta yi. Ni ya kamata in faɗa, na kasa."

Inna ta yi baya kamar an watsa mata ruwan zafi. Tun da ta haife shi bai taɓa mayar mata da magana ba. "To ta bar mini gida. Ɗiyar kuwa tawa ce, nan za ta zauna."

Da la'asar ya ɗauki Safina a babur ya kai ta Geza gidan iyayenta. Da ya tsaya ƙofar gida ya ce, "Safi, ban sake ki ba, kuma ba ni sakinki. Ki yi mini haƙuri."

"Ba komai, Maigida. Ka dai duba... waccan. Ba ta son kunu da zafi."

Geza ma ba ta tsira ba. Mahaifiyarta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta ba. In ta je rijiya mata su yi shiru, ta juya baya su kwashe da dariya. Ba ta tanka wa kowa ba, ba ta kuma taɓa faɗin abin da Inna ta yi ba. Kullum Muhsin sai ya biyo da fasinja ko babu fasinja, ya ajiye mata ƙullin goro ko lemo, ya tafi idonsa ya faɗa. Haka aka yi mako biyar.

Ran nan ya zo fuskarsa ba daɗi. An sa ranar sake ƙidaya, Litinin mai zuwa, tsofaffin tunga kuwa sun ce abin da Inna ta ce shi za su yi. Inna kuma ta aika ƙetare a share ɗakunan da za a sake ɓoye yara.

Safina ta ce, "Shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza." Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Abin da ya faru ranar Lahadi, daga baya ta ji shi a bakin Raliya, ƙanwar Muhsin da ke aure a Bagudo. Raliya ta zo gida da wayarta, ta zauna kusa da Inna.

"Inna, kin ga bidiyon matar Yaya? Ful ɗin fa, ba guntun rediyo ba."

"Kawar mini da wanga abu!"

"Sori, Inna, amma sai kin ji ƙarshe."

Ta danna. Ga Safina nan cikin hijabi, hawaye sharkaf. Aka ji shugaban yana tambaya, "To ina yaran suka shiga ranar ƙidaya? Wa ya ɓoye su? Wannan laifi ne babba, ki faɗa mana sunansa."

Inna ta daina jan carbi.

Muryar Safina ta fito a hankali. "Ranka ya daɗe, mu ne, iyaye mata. Har da ni, don ni na ɗaura wa tawa ɗankwali da hannuna ta tafi. Tsoro ne na masu son ɗiyansu. In hukunci ne, a fara da ni."

Raliya ta ce Inna ta ƙura wa wayar ido. Can ta ce, "Maido shi baya." Sau uku tana sawa a maimaita. Sannan ta ce, kamar mai magana da kanta, "Wurin da sunana zai ɗaukaka ɗiya ta faɗe shi. Wurin da zai kunyata ni ta haɗiye."

Litinin da hantsi masu ƙidaya suka iso suka tarar da makaranta wayam, sai Malam Namadi yana safa da marwa, Muhsin ya haɗa kai da gwiwa gindin darbejiya. Sai ga hayaniya daga cikin gari. Inna Barira ce a gaba da sandarta, ta riƙo hannun Ummi, bayanta tsofaffi da yara har da na ruga, kowa an shafe shi da mai. Tana tafe tana tofa musu addu'a.

"Ku ƙirga!" in ji ta, muryarta na rawa. "Allah shi ka tsarewa, ba ɓoyo ba."

Mai rubutu ya dubi Ummi. "Sunanta?"

"Barira. Sunana gare ta. Rubuta shi da kyau, uwarta ta biya shi da tsada."

Tamanin da huɗu cif. Makaranta ta tsaya.

Safina tana tsakar gidansu tana tankaɗe, ba ta san me ake ciki ba, ta ji ƙugin babur ɗin da ta sani. Ta ɗaga kai, rariya ta faɗi daga hannunta. Inna ce ke saukowa daga bayan babur, Inna da ta rantse ba ta hawa abin nan har ta mutu!

"Mi kike kallo? Ɗauko kayanki. Ƙashina duk ya kwance saboda ke."

Safina ta zube tana kuka, Inna ta ɗago ta. "Ni ce mai neman gafara, ɗiyata. Amma ki ji, sau guda ne fa! Kika sake, sai na fasa miki baki."

Muhsin ya tuntsire da dariya yana share ido. "Ni dai Inna, a bar ta ta riƙa faɗin nawa. Ban taɓa sanin yana da daɗi haka ba."

"Marar kunya! Duk kai ka lalata ta."

Ba a yi shekara ba aka turo malamai biyu, aka sake rufin aji uku. Safina ta koma bakin makaranta da farantinta, kuma har yau in Ummi ta zo karɓar ƙosai, "ke" take ce mata tana kallon gefe, sai dai nata ya fi na kowa girma.

'Yan uwana mata, kunya adonmu ce, ban ce a yar ba. Amma kunyar da za ta hana ɗanki benci a aji, a ajiye ta na minti guda ba ta lalacewa. In an kira iyaye, mu je, don wanda bai je ba takarda ce za ta yi magana a madadinsa. Wadda kuwa ta rufa asirin babba ta yi haƙuri, Allah ba ya barinta a ƙofar gidan ubanta.