Wa Ke Daka a Gidan Lukuman?

Badi'a na tsakar gida tana tsince shinkafa Gwaggo Altine ta faɗo ko sallamar kirki babu. Daga Gwarzo take, inda Baba ya tura ta binciken Malam Lukuman, malamin firamaren da ke neman auren Badi'a. Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, ta bar masa 'yan mata biyu. Gwaggo kuwa in ta samo labari, ko ruwa ba ta sha sai ta sauke shi.

"Yaya, fito ka ji! Mace yake ɓoyewa a gidan!"

"Mace?" in ji Baba, yana laluben takalmi.

"Wallahi! Duk Lahadi sai ya garƙame ƙofa tun hantsi har la'asar. Maƙwabta na jin daka, suna jin ƙamshin miya. Ba ya sayen abinci a waje, ba shi da 'yar'uwa a garin, amma yaran kullum da kular abinci suke zuwa makaranta. Aljanu ke dafa musu?"

Tiren shinkafa ya suɓuce daga hannun Badi'a. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ta taɓa tambayarsa wa ke musu girki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wata ce ke taimaka mana." Wata wa? Ranar ba ta bi ba'asi ba, don so ya rufe mata ido.

Baba ya ce, "Ranar Litinin za a mayar masa da kayansa. Na gama magana."

Badi'a ta durƙusa tana kuka. "Baba, don Allah a bar ni in gani da idona. In gaskiya ne, ni da kaina zan haɗa kayan."

Da ƙyar ya yarda. Ranar Lahadi ita da Gwaggo suka hau mota daga Kabo. Tun daga bakin lungu suka jiyo taɓarya, tim, tim, tim! Gwaggo ta dube ta, irin kallon nan na ai na gaya miki.

Zinnira, babbar 'yar mai shekara bakwai, ita ta leƙo. "Abba ya ce ba kowa a gi..."

Gwaggo ta ture ƙofar ta kutsa kai. "Ina take? Fito, munafu... Innalillahi!"

Malam Lukuman ne tsaye a gaban turmi, daga shi sai singileti da wando, ya ɗaura tsohon zani a ƙugu, gari har gira. Taɓarya na sama ta ƙi saukowa. Gwaggo ta haɗiye sauran maganarta, abin da tarihi bai taɓa gani ba.

"Malam... kai ne watar?" in ji Badi'a.

A kan tabarma robobi bakwai ne jere, kowace da sunan rana a murfinta. Gefe ga tukunyar tumatir da aka soya har ya ƙafe, mai ya taso a kai.

Ya ajiye taɓaryar a hankali. "Ni ne. Da marigayiya ta ga ciwo ya ci ƙarfinta, ta roƙe ni kada in raba yaran nan gidajen dangi. Tana kwance take koya min. Nakan je kasuwa da yamma, lokacin da masu tumatir ke neman rabuwa da shi, in soya na mako guda, kullum da safe in ɗumama. In daka yaji da daddawa, in tankaɗe kuka, in haɗa garin ɗanwake, in gyara busasshen kifi, in raba kowace rana da nata. Da haka albashin ke kai mu ƙarshen wata."

"To me ya sa ka ɓoye min?"

"Sau ɗaya aka gan ni da ludayi, wata guda ana min dariya a majalisa. Na ji tsoron ke ma ki raina ni. Na yi miki ƙarya, ki yafe min."

Zinnira ta ja mayafin Gwaggo. "Kada ku gaya wa kowa. In kun faɗa za a hana shi, a kai ƙanwata Amatullahi garin Madadi, ni a kai ni wani gida."

Nan Gwaggo Altine, wadda ta zo da shirin tara unguwa, ta fashe da kuka. Ta tuɓe mayafi ta fizge taɓaryar. "Matsa, ɗan nan! Haka ake riƙe ta? Kai, ni na shiga uku da bakina!"

Da suka koma Kabo ita ta ba da labari, wannan karon a hankali. Baba ya ce, "Wanda ya riƙe amanar matar da ke kabari ba zai tozarta mai rai ba. A sa rana."

Jama'a, zato mugun abu ne, ya kusa raba masoya a banza. Kunyar aikin halal ma ba ta da amfani, don ita ta jawo zaton. Bayan biki Badi'a ba ta taɓa robobin nan bakwai ba sai don ta wanke su. Duk Lahadi tana suya, shi yana daka, ƙofar gidan kuma a buɗe take har la'asar.