Giwar Haikali da Rawanin Mai Kwaɗayi

Can ƙasar Hindu, tun zamanin kakannin kakanni, akwai wani tsohon haikali na Ganesha, abin bautarsu mai kan giwa. Ranar bikinsa akan raba wa jama'a dunƙulen alewa, giwar haikali kuma ta dafa kan kowa da hancinta sau ɗaya, alamar albarka.

Wata shekara aka ɗora wa wani mai kwaɗayi rabon alewar. Ya ba yaro ɗaya, ya cusa biyu a rawani. Ya ba tsohuwa ɗaya, ya cusa biyu a rawani. Ko rabin jama'a ba su samu ba ya ce, "Ta ƙare!"

Da ya zo gaban giwa, ta dafa kansa. Ta sake dafawa. Ta kuma dafawa.

Ya dubi jama'a yana washe baki, ya ce, "Kun gani? Duk garin nan wa ya kai ni albarka?"

Bai rufe baki ba giwa ta fizge rawanin. Alewa ta watse, yara suka hau wawaso.

Tsohuwar ta ce, "Gaskiyarka, ɗan nan. Albarkarka har ta ishi gari."