Jirgin Katako da Tantabarun Ainu Shams

Da hantsi aka kira Sufeto Ishaq. An tsinci ƙaramin jirgin sama a kan katangar caji ofis na unguwar Ainu Shams, an ɗaure masa tsohuwar waya. Shekarar 2013 ce, Alƙahira na cikin dokar ta-ɓaci, kowa a tsorace yake. Aka zaci bam ne.

Kafin azahar an kamo mai jirgin, Hamad, Bahaushen Sudan ɗan gudun hijira. Sana'arsa sassaƙa ƙananan jiragen da aka gwada a Yaƙin Duniya na Biyu aka watsar, yana sayar wa Turawan unguwar Ma'adi.

"Ya basha, ranka ya daɗe, katako ne, ba ya tashi," in ji Hamad. "A saman bene na shanya shi don fenti ya bushe, aka sace. In aka mayar da ni Sudan, tawa ta ƙare."

Gobe jami'an tsaron ƙasa za su karɓi Hamad. Sufeto ya juya jirgin: fukafuki ne zalla, ba wutsiya, ba inji. Gashin tantabara ya manne a fentinsa mai ruwan toka.

A saman benen ya tarar da Awadiyya, matar Hamad, ido ya kumbura da kuka. Ta nuna masa akurkin maƙwabcinsu Mu'tasim, mai kiwon tantabara.

"Ban taɓa ganin wani jirgi ba," in ji Mu'tasim.

"Ina tantabarunka?"

"Na sayar."

"Ka sayar, kake zuba hatsi?"

Sufeto ya ɗauki sandar tutar da masu kiwo ke kaɗawa su kira tsuntsaye gida. Ga shatin yatsu na fenti mai ruwan toka a mariƙinta.

Mu'tasim ya zauna daɓas.

"Tantabaruna shaho suke ɗaukar jirgin nan, ya basha. Tun da Hamad ya fara shanya shi suka ƙi sauka, suka faɗa akurkin wasu. Ka san al'ada, wanda ya kama ya mallaka. Na roƙe shi, ya yi dariya. Sai na ɗaure wa jirgin waya na ajiye a katangarku. So nake kawai ya bar gidan."

"Khalas, shi ke nan. Yalla, mu tafi," in ji Sufeto.

Aka sa masa ankwa. Suna sauka Sufeto ya buga waya ofis, ya ce a saki Hamad. Ya saurari amsa. Motar tsaron ƙasa ba ta jira gobe ba, ta riga ta tafi da Hamad, kuma ba su faɗi inda suka nufa ba.

Awadiyya ta biyo su da gudu, riƙe da takalman mijinta.

"Ya basha, ba takalmi aka tafi da shi. In zo yanzu in taho da shi?"