Ranar Da Na Kira Sunan Mijina

Rana ta faɗa bayan dutse lokacin da na ɗauki butar shayi na kama hawa zuwa ɗakin yoga. Matakala sittin da biyu ne daga ƙofar gidanmu, duk na dutse, kuma gwiwoyina sun san kowane ɗaya. A ƙasa kogin Bhagirathi yana ta rurinsa. Hayaƙin girki ya kwanta a kan ƙauye, ƙamshin gurasa yana tasowa daga gidan maƙwabta.

Wannan hawan ba aikina ba ne. Aikin Totaram ne, ƙanin mijina. Amma da safiyar ranar ya hau motar birnin Dehradun za a cire masa yanar ido, sai abin ya faɗo kaina.

Mijina ya shekara talatin yana koyar da yoga a ɗakin nan, wato horon jiki da numfashi irin namu na Indiya. Ni kam ban taɓa zama kan tabarmarsa ba, tatsar saniya da ɗauko ciyawa daga kan dutse sun ishe ni lanƙwashe-lanƙwashe. Amma na ji karatun ta taga har na haddace. Yakan ce wa ɗalibai mutum ya fi fatar da ta rufe shi faɗi. Yakan ce tsakanin numfashin da ya shiga da wanda zai fita akwai wani ɗan shiru, wanda ya iya zama a cikinsa zai farka, ya ga shi da kogi da dutse ba a rabe suke ba. Turawa da mutanen Delhi su zo su ji wannan su yi ta share hawaye. Ni kuwa in ce, to, wanda ya farka ɗin ma dai sai an dafa masa ya ci.

Kowane darasi da kwanciyar gawa yake ƙarewa. Kowa ya miƙe rigingine, ya saki hannu da ƙafa, ya rufe ido. Mijina yana da doka da ya gada wurin malaminsa: wanda ya yi wannan kwanciyar ba ya tashi da kansa. Sai an kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa, sau uku, sannan ya motsa yatsu, ya juya gefen dama, ya zauna. Ko ɗalibi arba'in ne sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai damina ta cinye mana 'yarmu Tanuja.

Ita kaɗai Ubangiji ya ba mu. Shekararta ashirin da uku, tana koyar da yara a makarantar tsallaken kogi. Tana kan gadar igiya ruwa ya zo. Kwana goma sha ɗaya maza suna bin gaɓa, ko takalminta ba a samu ba. Dangi suka ce a yi abin da ake yi idan ruwa ya hana gawa, a ɗaure mutum-mutumin ciyawar kusha mai tsarki, a sa masa tufafinta, a ƙone a bakin kogi kamar yadda muke ƙone mamatanmu, don ranta ya san hanya. Mijina ya ce ba zai kunna wa 'yarsa wuta ba alhali bai ga fuskarta ba. Ya sallami ɗalibai. Kullum rana ta yi sanyi sai ya hau ɗakin shi kaɗai, ya yi ta riƙe numfashi, sannan ya kunna turaren tsinke guda ya soke a bakin ƙofa, ya yi kwanciyar gawa. Totaram ya zauna yana gadin turaren. Yana cinyewa ya kira shi.

Wata bakwai ana haka. Ya rame har rigarsa tana lilo a jikinsa. Wata rana yana cikin cin abinci ya yi murmushi, ya ce mini yanzu yana jin Tanuja. Da farko tafiyarta, daga baya muryarta. Ya ce kullum yana ƙara nisa kaɗan. Na ajiye ludayi na tafi wurin saniya na yi kuka mai isata, don na san mai ƙara nisa kullum, wata rana ba zai gane hanyar gida ba. Na rasa 'ya, ba zan iya rasa ubanta ba.

Kafin Totaram ya tafi ya tsaya a kaina a madafa kamar wani hafsan soja.

"Matar yaya, bar juya miyar nan ki saurare ni. Turare yana cinyewa, ki kira shi. Sunansa, sau uku."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Ko kin manta sunan ne? In rubuta miki a tafin hannu?"

"Da ma likitan ya haɗa da bakin nan naka ya ɗinke."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba, don ya san inda matsalar take. Shekara ashirin da tara da aurenmu, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Uwata ba ta kira na ubana ba har ta rasu, ta ce mace ta ambaci sunan mijinta ta rage masa kwana. Ko a asibiti da ma'aikaciya ta tambaye ni, katinsa na miƙa mata. Baban Tanuja nake ce masa, ko in ce "kana ji?" Totaram ya ce inda yayansa yake zuwa, baban wance ba ya kaiwa. Na ce masa ya tafi kar mota ta bar shi. A raina na ce zan girgiza ƙafarsa kawai, ai ba dutse ba ne.

Na isa bakin ƙofa ina haki. Turaren ya rage kamar gaɓar yatsa. Na ajiye buta na zauna.

Ɗakin ya fara duhu. 'Yar fitilar kasko ce kaɗai a gaban hoton malaminsa, harshenta tsaye ba ya motsi. Ina hango tafin ƙafafun mijina daga inda nake. A ƙasa aka fara kaɗa ƙararrawar bautar yamma. Gyare yana kuka a cikin ciyawa.

Sai na ji wari. Ba na turare ba. Warin laka ne, da na tufafin da ya kwana a jiƙe.

Wata biyu ba a yi ruwa ba.

Ƙararrawa ta tsaya. Gyaren ma ya yi shiru. Rurin kogi ne kawai, kuma ba daga ƙasa yake zuwa ba. Kamar a cikin ɗakin yake.

Tokar ƙarshe ta faɗi.

"Kana ji?" na ce. "Shayi zai huce."



Na shiga da rarrafe na kama babban yatsansa na girgiza. Sanyi ƙalau, kamar dutsen da aka ciro daga ruwa. Na kasa kunne wajen ƙirjinsa. Akwai numfashi a ɗakin, mai nauyi, mai gurgura. Amma ƙirjinsa ba ya ɗagawa.

"Baban Tanuja," na ce da raɗa.

Wani abu ya motsa a gefensa.

Tabarmar Tanuja a naɗe take a lungu tun ranar da ruwa ya tafi da ita, ni na naɗe ta da hannuna. Ga ta a shimfiɗe kusa da tasa, ta jiƙe sharkaf. Akwai mai kwanciya a kai. Rigar nan ruwan ɗorawa, wadda na guge mata da safiyar ranar. Gashi ya rufe fuskar, yashi ya cika shi.

Ta tashi zaune. Ba ta motsa yatsu ba, ba ta juya gefe ba. Haka ta miƙe ɗungurungum kamar an ɗaga katako.

"Mama."

Muryarta ce. Har da ɗan jan nan da take yi idan tana son in ƙara mata sukari.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni. Na manta da mijina. Yana kwance ba numfashi, ni kuwa na durƙusa ina kallon rigar nan. Wata bakwai ina roƙon in gan ta sau ɗaya, ko da gawa ce.

"Mama, sanyi nake ji. Ki bar Baba ya raka ni. Kaɗan ya rage."

Hannunta yana riƙe da nasa. Leɓensa ya yi baƙi.

Na matsa. Na miƙa hannu zan ɗage gashin in ga fuskar 'yata. Sai hasken fitila ya faɗa kan ƙafafunta.

Dunduniya a gaba. Yatsu suna kallon baya.

Ni na wanke ƙafafun Tanuja tun suna cika tafin hannuna. Ni na cire musu ƙaya, ni na sa musu lalle. Waɗannan ba su ba ne. Tun ina yarinya tsofaffi suke faɗin abin da yake zaune a bakin kogi, mai aron kamannin waɗanda ba a ƙone ba.

Na ja da baya. Ta cafke wuyan hannuna.

Sanyin ya hau har kafaɗa. Ruwa ya taso a ɗakin, a saman dutse, na ji shi a gwiwoyina. Yana ja.

Na buɗe baki. Harshena ya ƙi. Shekara ashirin da tara suka zauna a kansa.

"Kedar."

Da kyar ni kaina na ji. Kan nan mai gashi ya juyo gare ni a hankali.

"Haba, Mama," ta ce, tana 'yar dariya irin ta Tanuja. "Za ki rage masa kwana."

Ruwan ya kai ƙuguna.

"Kedar."

Yatsun suka nutse cikin namana.

Na ukun ban san da wace murya na yi shi ba. Daga baya maƙwabta suka ce har bakin kogi an ji.

Ya ja numfashi da wata irin ƙara, kamar an yaga zane. Yatsunsa suka motsa. Ya juya gefen dama.

Fitila ta mutu.

Hannun ya sake ni. Ban tsaya neman komai ba. Na cusa hannu ƙarƙashin hammatarsa na ja shi da baya-baya, na yi tuntuɓe da buta, ta gangara tana ƙara a kan duwatsu. Ina jansa, dugadugansa suna bugun matakala.

A bayanmu wani yana saukowa. Taku mai ruwa. Caɓ. Caɓ.

Ban ɗaga kai ba.

Wajen rabin hanya, inda hasken gidan maƙwabta yake kaiwa, takun ya tsaya.

A tsakar gida ya buɗe ido. Na riƙe fuskarsa ina kuka ina dariya. Ya dube ni ya ce, "Me ya sa? Hannunta yana cikin nawa."

Da Totaram ya dawo da ido a ɗaure, ya hau ɗakin da rana tsaka. Ya tarar da ƙasa a bushe, tabarmar Tanuja a naɗe a lungunta. Na nuna masa wuyan hannuna, shatin yatsu huɗu, na faɗa masa duk abin da na gani. Bai yi mini tsiya ba, karo na farko tun da na shigo gidansu. Har yau wurin shatin ba ya jin zafi, ko na kusantar da shi wuta.

Mijina bai sake iya riƙe numfashi ba. Da ya gwada sai tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi har hawaye su zubo. Ya gwada kwana takwas. A na tara ya je da kansa ya yanko ciyawar kusha, ya ɗaure mutum-mutumin, ya sa masa rigar bikin Tanuja, ya kunna wuta a bakin kogi. Ya sa kwaɗo a ɗakin yoga. Mutanen Delhi suna ta bugo waya, ya ce a ce musu malamin ba shi da abin koyarwa.

Shekara biyu ke nan. Ya yi ƙiba kaɗan, yana fita gona, yana gaisawa da mutane. Ni ce kawai ba ya duba. Ba ya zagina, bai taɓa ɗaga mini murya ba, da ma ya yi. Na ji shi yana gaya wa ƙaninsa cewa ya kai bakin ƙofa, 'yarsa ta kama hannunsa ta ce ba ta jin haushinsa, sai uwarta ta rufe ƙofar.

Totaram ya sha ce mini in faɗa masa zancen ƙafafun. Ba zan faɗa ba. Abu ɗaya ya rage wa mutumin nan a duniya, yana ganin ya riƙe hannun 'yarsa sau ɗaya bayan ruwa ya tafi da ita. In na ƙwace masa wannan, in ce wata bakwai da wani abu dabam yake hira, me zan ba shi a madadi? Gara ya ci gaba da jin haushina. Abin yana ci mini rai, wani lokaci sai in tsaya a madafa in rasa abin da na shigo ɗauka, amma na zaɓa.

Jiya na kai masa abinci a tsakar gida. Ya karɓa bai ɗago ba, ya cinye tas, ya ajiye kwanon a ƙasa maimakon ya miƙo mini. Na ɗauka na je na wanke. Ina wankewa ina jin tarinsa ta bayan bango, na tsaya ina saurare har ya gama.